Makarar Ranar Talata

Mai shagon ɗinkin, wadda kowa ke kira Anti, tana cikin auna ƙugun wata mata sai wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta rataya tef a wuya ta fita baranda.

Wata mata ce mai sanyin murya, daga kamfanin da ke ɗinka kayan ma'aikatan asibiti. Ta ce Doguwa ta nemi aikin shugabar masu yanka, kuma ta rubuta sunan Anti cikin mutum biyun da za su ba da shaida a kanta.

Anti ta san da maganar. Sati biyu da suka wuce Doguwa, mai yi mata yanka, ta tsaya gabanta tana murza yatsu, ta ce, "Anti, don Allah in sa sunanki? Albashi ne duk wata, ga hutu, ga maganin yara kyauta."

"Sa mana! In ban yi miki ba wa zan yi wa?"

Ta faɗa ne kawai, a zatonta ko duba takardar ba za a yi ba. To ga shi an duba. Ta taga tana hango Doguwa duƙe a kan tebur, alli a bayan kunne, almakashi na bin yadi. Shekara shida ba ta taɓa ɓata kayan kowa ba. In ta tafi wa zai yi yankan? Sauran ma'aikatanta biyu ko hannun riga ba sa fitarwa daidai.

"Yaya hannunta?" in ji matar.

"Kai, hannu kam babu na biyunta."

"Riƙon amana fa?"

"Ko allura ba ta taɓa ɗauka ba."

"To zuwa aiki a kan lokaci? Mu ƙarfe bakwai muke kunna injuna."

Sai Anti ta ji bakinta yana cewa, "To, gaskiya dai, duk Talata sai sha ɗaya take shigowa."

Ba ƙarya ta yi ba, abin takaicin ke nan. Duk Talata Doguwa ce ke raka mahaifiyar Anti asibiti gashin ƙafa, don tsohuwar ta kafe ba wanda ya iya riƙe ta a matakala sai ita. Kuma Anti ce da bakinta ta roƙe ta. Numfashi ɗaya ya isa ta ƙara wannan bayanin. Ta ji matar tana buga rubutu, ta ji ta yi godiya, ta bari aka kashe wayar.

Kwana uku abinci bai yi mata daɗi ba. Ta sayo wa Doguwa sabuwar kujera mai laushi, ta yi ta yabon aikinta a gaban mutane har sauran suka fara kallon juna. Kunya ce ke cinta, kuma ta sani. A rana ta huɗu ta shige ɗakin gwaji ta ja labule ta kira lambar. Aka ce ai jiya aka ɗauki wata.

Ranar Talata da sha ɗaya Doguwa ta shigo, ledar magungunan tsohuwa a hannu, idonta a kumbure. Ta ajiye ledar, ta zaro wata takarda.

"Anti, ban samu ba. Na matsa da tambaya, sai aka ce ɗaya cikin shaiduna ya ce ina makara."

Anti ta dafa keken ɗinki.

"Malam ne," in ji Doguwa, tana nufin tsohon telan da ya koya mata sana'ar tun tana budurwa. "Wa zai faɗa in ba shi ba? Makarar ƙuruciya ce bai manta ba. Jiya na je na gaya masa abin da ke raina. Sai rantsuwa yake, har da hawaye, tsoho da shi. Ban ko saurara ba."

"Doguwa, tsaya ki ji..."

"A'a Anti, kada ki ba shi haƙuri, na gama da shi." Ta shimfiɗa takardar a kan teburin yanka, ta miƙa biro. "Wani wurin ne, su shaida ɗaya suke so. Sa mini lambarki a nan. Ke kaɗai na yarda da ke yanzu."