Hujin da ke Ƙirjin Rigar Dogo

Malamar zane ce ta sa wa rigar Dogo almakashi, kuma da saninta ta yi, kar wani ya ce kuskure ne.

Ita ta tara matan unguwa a ɗakin taron makaranta, ta ce kowace ta kawo abin da ke ci mata rai, a ɗinka shi a jikin babban ƙyalle, a rataye, duniya ta gani ta gyara halinta. Wata ta kawo takardar kora daga aiki, wata katin asibiti. Uwar Dogo, mai sharar makarantar, ta kawo rigar aikin ɗanta, wadda ke jikinsa ranar da ya faɗo daga hawa na huɗu, a ginin da ba a ba leburori ko igiyar ɗaure ƙugu ba. Sati uku tana ɗinki. Ba ta iya karatu ba, amma ta san tambarin kamfanin da ke ƙirjin rigar, ta zagaye shi da jan zare sau bakwai don kar ido ya tsallake shi.

Ranar da za a nuna wa jama'a, ta zo ta tarar da huji inda tambarin yake. An yanke shi tsaf.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji Malama tana murza hannu. "Mai kamfanin ne babban baƙonmu. Ai a haka ma ya fi, kowa zai ga ɗansa a ciki."

"Kowa? Kowa ne ya yi naƙudarsa? 'Yar nan, kin ce mu fito da abin da ke cikinmu, na fito da shi kin yi masa aski."

Uwar Dogo ta koma gefe. Ta bari kujeru suka cika, mai kamfanin ya miƙe yana ta ƙamshi, aka miƙa masa abin magana. Sannan ta fizge rigar daga ƙyallen, zare na tsinkewa, ta ɗora ta a kan kayanta. Hannuwan rigar sun wuce yatsunta, don ba a banza ake ce masa Dogo ba. Ta naɗe su, ta taka har gabansa, ta zura yatsa ta hujin.

"Ranka ya daɗe, Malama ta koya mana, in an kalli aiki sai a faɗi abin da aka gani. To, me ya ɓace a nan?"

Ya yi yaƙe, ya waiga yana neman mai cetonsa. A bayansa kuwa, jikin bango, ga tambarin nan ƙato a kan allon maraba. Matan unguwa suka fara nuni da baki, sannan da hannu.

Malama ta kama gefen rigar. "Inna, don Allah, ba yanzu ba."

"Sake ni, naki yana tafe." Ta juyo kansa. "Ba ka zo jana'iza ba, ba ka aiko gaisuwa ba, yau ga ka ga ni. Abin magana yana hannunka. Faɗa wa mutanen nan wanda ya kashe mini ɗa, da bakinka, don ba ka fita ƙofar nan sai ka faɗa."