Hoto Mai Lamba 0412

Yayana irin mutanen nan ne da in suka kalli bidiyon koyarwa na minti biyar sai su ɗauka sun ƙure ilimin duniya. Ranar da ya ce zai gyara kwamfutar shagonmu na ɗaukar hoto, gabana sai da ya faɗi.

Baba ya rasu ya bar mana shagon da faifan ajiya uku, kowanne da foldarsa ta hotuna. In kana neman hoto ɗaya sai ka buɗe nan, ka rufe can. Yaya ya samo wata manhaja mai nuna folda ukun kamar guda ɗaya, alhali kowane hoto yana zaune a faifansa. Ta yi amfani, ban musa ba. Sai gwanin ya kwafe abin da ya gani zuwa sabon faifai, ya goge tsofaffin ukun tas, ya cika su da sabon aiki. Bai shawarci kowa ba.

Abin da bai sani ba, kyamarar Baba in ta kai 9999 komawa take 0001. Hotuna masu lamba ɗaya kuwa, guda manhajar take nunawa, ta ɓoye sauran.

Wata biyu bayan nan Mama ta zo shagon, abin da ba ta saba ba. Hoton Baba take so a wanke mata babba. Shekara talatin yana ɗaukar mutane, shi ko katin shaidarsa da ƙyar aka ɗauka. Sau ɗaya ya zauna mini yana dariya, kuma na haddace lambar: 0412.

Na buɗe. Wani ƙato ne mai gashin baki, hoton fasfo.

Na janye Yaya ɗakin ɗaukar hoto.

"Yaya, ina Baba?"

"Yana ciki mana. Komai na kwafe."

"Ka ƙirga? Kafin ka goge, ka ƙirga su?"

"Ke, daina ɗaga min murya, ni ba sa'anki ba ne."

"Wallahi yau sai na ɗaga! Wa ya aike ka? Aikin shekara da shekaru ka share don ka nuna mana ka iya!"

Ya zauna ya yi ta latse-latse, gumi na ɗiga kan allon rubutu. Ya jona tsofaffin faifan ɗaya bayan ɗaya. Babu komai sai sabon aikinsa. Ban taɓa jin na tsani ɗan'uwana ba sai a wannan lokacin.

Can ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙanwata, ke kika iya magana da ita."

"Ni? Wanda ya yi ɓarin shi zai kwashe."

Na yaye labule na tura shi gaba. Mama na zaune kan bencin kwastomomi, ta ɗora wani firem kan cinya, sabo fil, tana goge gilashin da gefen mayafinta.

Ta miƙo masa. "Duba min, ɗan nan. Zai shiga, ko na sayo ƙarami?"