Barewar da ke Kan Ƙofar Girkina

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka Hedviga.

Tun da gobara ta cinye fadar kan tudu, shekara ɗari uku ke nan, duk mai gini a ƙauyenmu can yake hawa ya ɗebo dutse. Rabon gidanmu shi ne dogon dutsen nan mai zanen barewa, wanda ya tallafe ƙofar ɗakin girkina. Kakan mijina ne ya jawo shi da shanu.

Sai hukuma ta ce za a sake gina fadar. Aka kawo wani magini, Imrich, yana zaga gidaje da igiyar awo, ga yawan gaisuwa. Ban yarda da shi ba. Na shafe barewar da farar ƙasa, shafi uku.

Ran Talata sai ga shi, wai ƙamshin miyar kabeji ya kira shi. Ya zauna yana fuskantar ƙofa. Laraba ma haka.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata. "Bozena, bakin nan naki ya fita yawo ko?"

"Ni? Tambayi farar ƙasarki. Gida duk baƙin hayaƙi, ƙofa kaɗai kamar amarya. Ko makaho ya gane."

Ran Alhamis na ajiye masa kwano na ce, "Ɗan nan, miya kake sha ko dutse?"

Ya ce, "Inna, dutsen nan daga saman babbar ƙofar fada ya fito. In ban san faɗinsa ba, aikina ya tsaya."

"In ka zare shi rufin nan a kaina zai sauka."

"Awo kawai zan yi. Sabo zan sassaƙa."

"Haka mahauci ke ce wa alade."

Duk da haka na bar shi, ina tsaye da ludayi. Ya kankare farar ƙasar, ya auna, ya ɗauki hoto. Hoton ne ban so ba.

Bayan wata guda wata mata ta zo daga birni da takarda: dutsen ya zama kayan tarihi. Ba mai taɓa shi, har ni. Ko ƙusa ba zan kafa ba.

Imrich ya gama ƙofarsa ya tafi wata fadar. Bozena ta rasu ba ta amsa laifin tona mini asiri ba. Dutsen yana nan, ni kuma ina girki a ƙarƙashinsa.