Kuɗin Jirgin Alhaji Abdulganiyyu

Mailafiya yana zaune a bakin rumfarsa a unguwar Tandabawi ta Makka yana warware wani risho da ya ƙi kamawa, sai inuwar mutum ta rufe masa haske. Ya ɗaga kai, ya ga Lurwanu dillali, wanda ya sani tun zamansa na Jidda, sanye da farar riga mai guga.

"Baba Mailafiya, barka da aiki."

"Barka kadai, Lurwanu. Yaushe a gari?"

"Jiya da la'asar. Na kawo wa Alhaji Abdulganiyyu jirgi."

Mailafiya ya riga ya ji labari, don duk unguwar maganar ake yi. An ga babbar mota ta shigo Makka ɗauke da fari ƙal ɗin jirgin ruwa, mai ɗan ɗaki da tagogi, ta bi ta tsakanin duwatsu har filin ajiyar Alhaji a Aziziyya. Alhaji Abdulganiyyu attajiri ne, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Kano. Yana son jirgin ne don ɗauko manyan baƙinsa daga jiragen alhazai da ke tsayawa nesa da gaɓa a Jidda. Ciwon ƙafa ya hana shi tafiya, ya kuma ce ba ya sayen abin da idonsa bai gani ba, shi ya sa aka ɗoro jirgin a mota.

Lurwanu ya tsuguna, ya rage murya. "Alhaji zai aiko a kira ka ka yi masa ƙima. Na sa riyal dubu talatin da takwas. Abin da nake so, ka duba, ka ce kuɗi ya yi daidai."

"In na duba na ga ya yi, zan faɗa."

"Baba, aikin Hajji ya wuce, ka san irin binciken da ake yi a wannan wata. Shekararka nawa a ƙasar nan babu iƙama, takardar izinin zama? Goma sha ɗaya? Ni ban taɓa faɗa wa kowa ba." Ya miƙe ya kakkaɓe gefen rigarsa. "Sai mun haɗu can."

Mailafiya ya daɗe riƙe da kan rishon bai san abin da yake yi da shi ba. Shi mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara aka haife shi. A hanyarsa ta zuwa Hajji ya yi shekara tara a Bur Sudan yana gyaran injinan ƙananan jirage, ya ƙara biyar a Jidda, kafin binciken takardu ya tsananta ya gudo cikin 'yan'uwa a Makka. Duk garin babu wanda ya san jirgi kamarsa, kuma babu wanda ya fi shi sauƙin kamawa.

Matarsa Ramlatu ta ji komai daga bayan labule. Ta fito da hannu duk ƙullun waina.

"Malam, ka ce ba ka da lafiya."

"In na ƙi zuwa, Alhaji zai san da wani abu. Ɗakin da muke ciki ma nasa ne."

"To ka faɗi abin da Lurwanu yake so. Alhaji ba zai talauce ba."

Mailafiya ya tashi. Ya wanke hannu, ya ɗauki sufana biyu da tsumma, ya sa a aljihu.

Bayan azahar motar Alhaji ta kai shi Aziziyya. Jirgin yana nan bisa babbar motar da ta kawo shi, rana na dukansa har yana ɗaukar ido. An shimfiɗa wa Alhaji darduma a inuwar katanga, ƙafarsa mai ciwo a miƙe, abokan kasuwancinsa uku a gefensa suna shan shayi. Lurwanu yana tsaye da takardu a hannu.

Alhaji ya yafito Mailafiya, ya yi masa magana a kunne da Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Ya ammi, baffana, ka nemo mini aibi. Ko yaya yake. Dubu ashirin nake so in biya."

Mailafiya ya hau tsanin da aka jingina wa motar.

Ya fara da jikin jirgin. Ba katako ba ne, wani sabon abu ne mai tauri kamar roba, wanda sau biyu kawai ya taɓa gani a Jidda. Ya bi shi da ƙwanƙwasa daga goshi har baya yana kasa kunne, sautin bai canza ba ko'ina. Ya shafa ƙasan, babu gansakuka, babu tabo. Ya duba farfela, fentinta ko ƙwarzane babu. Ya sa yatsa cikin bututun da ruwa ke fita ya lasa, bai ji gishiri ba. Ya sunkuya ya shiga ɗakin: gadaje biyu ƙanana, katifu har yanzu cikin takardarsu, wurin girki, warin sabon fenti. Ya buɗe akwatunan da ke ƙarƙashin gadajen, ya tarar babu anga, babu igiya, babu famfon kwashe ruwa.

Daga ƙasa Alhaji ya ɗaga murya. "Ka ga wani abu?"

"Sabo ne, Alhaji. Bai taɓa shiga ruwa ba."

Lurwanu ya yi murmushi ya dubi mutanen da ke zaune. Alhaji ya ajiye kofinsa da ɗan ƙarfi.

Saura inji. Mailafiya ya ɗaga murfin da ke bayan kujerar matuƙi, ya durƙusa. Injin fetur ne, tsaf, babu ɗigon baƙin mai. Ya kai hannu yana bin wayoyin da suka tafi kan fulogogi, ya tsaya. Ya sake bi a hankali. Ya daɗe a durƙushe, ƙarfen murfin yana ƙona masa hannu bai sake shi ba. Zai iya rufewa ya sauko, babu wanda zai taɓa sani sai ranar da jirgin ya ɗauki mutum takwas ya gamu da iska. Wannan tunanin ne ya hana shi rufewa.

"Lurwanu," ya ce, "me takardarka ta ce game da injin?"

Lurwanu ya duba. "Mai silinda shida. Babban ne, shi ya sa kuɗin ya kai haka."

"Hawo ka gani."

Lurwanu ya hau yana harararsa. Mailafiya ya kama hannunsa ya ɗora kan fulogogin ɗaya bayan ɗaya. "Ni ban iya karatun Turawa ba, amma na iya ƙirga. Kowace silinda da fulogonta ɗaya. Nawa ka taɓa?"

Lurwanu ya leƙa ɗaya gefen injin yana neman sauran. Babu. Ya sake duban takardar, ya sake duban injin. A nan Mailafiya ya gane cewa dillalin bai sani ba. Shi ma haka aka sayar masa a Jidda.

"Huɗu," Lurwanu ya ce, da ƙyar aka ji shi.

Suka sauko. Alhaji ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Ɗayyib, madalla. Ashe da ha'inci a ciki. Dubu goma sha takwas, in ba haka ba ka mayar da kayanka, kuɗin mota a wuyanka. Ko ba haka ba, ya ammi?"

Kowa ya juyo ga Mailafiya. Ya dubi ƙasa, sannan ya ɗago.

"Alhaji, ka kira ni in faɗi ƙima, to zan faɗa. Jikin jirgin nan da ɗakinsa, da kuɗin ɗauko shi daga ƙasar da aka ƙera shi, da na kwastan, ba za su gaza dubu goma sha tara ba. Irin wannan inji na taɓa ɗaura shi da hannuna a Jidda, dubu shida ne. Dillali ya sha wahala, a ba shi biyu. Dubu ashirin da bakwai ke nan. Anga da igiya da famfo, dillali zai kawo. Wanda ya ce talatin da takwas ya cuce ka. In ka ce goma sha takwas, ka cuce shi. Kuma kada a ɗora masa fiye da mutum biyar."

Ɗaya daga cikin abokan Alhaji, wani dattijo mai sayar da darduma, ya ce da Larabci, "Ka kira mutum ya yi hukunci a gaban shaidu, ya Abdulganiyyu. Ya yi."

Alhaji ya yi wa Mailafiya kallo mai tsawo. "Ashirin da bakwai," ya ce a ƙarshe. Bai sa direba ya mayar da Mailafiya gida ba. Lurwanu kuwa ko kallonsa bai yi ba. Da ƙafa Mailafiya ya koma Tandabawi, ya isa ana kiran magariba.

Kwana uku bai buɗe rumfa ba. Ramlatu ta ɗaure kayansu a zani biyu ta ajiye bayan ƙofa. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu, sai su dubi juna har ta wuce.

Ran na huɗu da hantsi aka yi sallama. Ramlatu ta riƙe masa hannun riga, ya zame ya fita. Lurwanu ne, shi kaɗai, rigarsa ta yamutse.

"Baba, na zo neman gafara. Maganar da na yi maka ranar nan, ban kai ta ko'ina ba, ba kuma zan kai ba."

"Allah ya yafe mana. Shigo."

Ya zauna a tabarma, ya ƙi taɓa shayin da aka zuba masa. Ya ce mutumin da ya sayar masa da jirgin ya musanta a waya, ya ce injin daidai yake, sai dai in a kawo wanda ya san inji ya nuna a gaban shugaban dillalan tashar jiragen ruwa. "Gobe za a mayar da jirgin Jidda a sa shi a ruwa. Ba ni da kowa sai kai."

"Ka san shingen 'yan sanda da ke kan hanyar Jidda."

"Na je wurin Alhaji. Har yanzu yana fushi da kai, amma ya ce ba zai bari wani ya taɓa masa inji ba. Ya rubuta takarda cewa kai makanikensa ne." Ya zaro ta daga aljihu, da hatimin Alhaji a ƙasa.

Mailafiya ya karɓa ya miƙa wa Ramlatu. Ba ta iya karatu ba, amma ta juya ta gaba da baya, ta shafa hatimin da yatsa.

"Wannan za ta hana su kama shi?" ta tambaya.

"Ba iƙama ba ce, Inna. Amma da ita da ni a gefensa, in Allah ya yarda za mu wuce."

Washegari bayan asuba suka tafi, Mailafiya a gaban motar tsakanin direba da Lurwanu. A shingen hanya ɗan sanda ya karanta takardar sau biyu, ya zagaya jirgin yana kallo, ya tambaya ko nawa aka saye shi, sannan ya ɗaga musu hannu. A Jidda mai sayarwar ya yi gardama har azahar, daga baya ya yarda ya mayar wa Lurwanu rabin bambancin kuɗin babban inji da ƙarami. Da la'asar aka sauke jirgin a ruwa. Mailafiya ya duba mai, ya murɗa mabuɗi, injin ya tashi a karo na biyu.