Kwalbar da Rana Ba Ta Ratsawa

Shekara talatin Phulwati tana ware fasassun kwalabe a bayan wata masana'anta da ke narka gilashi tana yin awarwaro a Firozabad ta ƙasar Indiya. Takan ɗaga guntu ta kalli rana ta cikinsa, sannan ta jefa shi tsibinsa, fari ko kore ko ruwan ƙasa.

Bana masu giya suka fito da sabon yayi, kwalabe masu baƙin fenti da rana ba ta ratsawa. Wasu gilashi ne, wasu tangaran.

Ranar Talata Naushad, shugaban ma'aikata, ya zube mata awarwaro a gaba, duk tsakuwa a jikinsu.

"Inna, tangaran kika haɗa mana da gilashin, shi kuwa ba ya narkewa. Narkin jiya duk ya lalace."

"Na ɗaga na duba, ɗana. Ban ga komai ba."

"Ko dai idon ne ya tsufa?"

Ta miƙa masa baƙaƙen guntaye biyu. "Kai mai sabon ido, wanne ne gilashin?"

Ya jujjuya su a rana, ya ajiye.

"Maigida ya ce kada ki dawo gobe."

Ta ce to. Saura rabin buhu a gabanta, sai ta gyara zama ta ƙarasa ware shi.