Jikar Gwamma a Doha

Ina cikin yayyafa wa goro ruwa Ikhlas ta fito daga ɗaki, ciki a gaba kamar ta haɗiye tulu, waya a kunne, tana zazzaga wa wani faɗa. Da ta kashe na ce wane ne? Ta ce wani darakta ne a Abuja, kwangila yake nema wurin Mai Girma, kuma sai ta hannunta ake bi.

"Tsohuwa, goron nan naki ya ishe mu da ƙazanta."

"Na ɗaurin aurenki ne, 'yar nema. Sanyin injin nan ke busar min da shi. Tun da na sauka garin nan nake jinyarsa."

Jikata ce. Karatu aka ce ta zo yi Doha. Ni dai ban ga littafi ba. Na ga bene, na ga mota, na ga zinari. Ubanta da ya rantse sai ya tsine mata, tun da aka rushe masa gidan ƙasa aka yi na siminti, Hajiya yake ce mata. Ni ma haƙorin Makka ne a bakina, ban tambayi inda ya fito ba.

Cikin da Mai Girma ya yi mata ne ya tsaya mana a wuya. A ƙasar nan ba a haihuwa haka siddan, asibiti sai sun ga takardar aure. Jirgi kuma ya kusa daina ɗaukar ta. Mai Girma ya ce ranar Juma'a za a ɗaura, a asirce.

*

Ranar Alhamis da la'asar ta ɗora min ƙafafu a cinya ina matsa mata.

"Ba ni labarin Gwamma."

Kakar kakanninmu ce wai, tun zamanin da ake ciniki da wuri. Baiwa aka kawo ta gidan wani sarki, ya sa ta a ɗaka. Kafin a ankara ta mallaki marina, ayarin gishirinta ya fi na sarki tsawo, hakimai sai sun faɗi gaisuwa a ƙofarta kafin su isa fada. Tun Ikhlas na tatata take son labarin nan.

"Kin gani? Ita ma ai ba a ɗaura mata ba."

"Ba a ɗaura ba. Amma ranar da ta haihu tambari aka buga, sarki da bakinsa ya yi wa ɗan huɗuba. Kaf garin an san ta wane ce. Ke wa ya sani? Mai gadi?"

"Khalas, ya isa haka, Tsohuwa. Matsa min nan."

*

Lado, ƙanen ubanta da ke tuƙi a nan, shi ne waliyyi. Ya ɗauki hutu, ya ari babbar riga, ya tafi masallaci. Aka sauko Juma'a, shiru. Aka yi la'asar, shiru. Can sai ga shi ya shigo, rigar a kafaɗa, bayansa Munzali direban Mai Girma riƙe da wani ɗan akwati.

Munzali ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, Oga ya hau jirgi ya wuce gida tun safe. Ya ce a yi haƙuri, maganar nan ba za ta yiwu ba sai bayan zaɓe."

Na ce, "Yaushe ne zaɓen?"

"Baɗi, Iya."

"To, sai a gaya wa na cikin ya jira."

Ba wanda ya yi dariya. Lado ya share gumi, ya matso, ya rage murya.

"Hajiya, zancen aikin yaron nan nawa fa? Kin samu kin yi masa maganar kafin ya tafi?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta buɗe akwatin. Awarwaro ne na zinari, mai kauri. Ta zura hannu, ya cije a gaɓar yatsu, don hannun duk ya kumbura. Ta murɗa, ta sake murɗawa, har fatar ta yi ja.

"Tsohuwa, miƙo min man shafawa."

Na dafa gwiwa na tashi na ɗauko. Ina shafa mata, tana turawa.