Takalmin Lambu na Hagu

Ranar da muka tashi daga Fammar zuwa Rano, ni na haɗa takalman gidanmu da hannuna, ban yarda kowa ya taɓa ba. Na san halin mijina Munzali. In aka bar masa, sai mu isa Rano da wari-wari, sauran suna can bayan randa suna jiran wanda zai gaje gidan. Shekara uku yana gina ɗakuna biyun nan a Rano, kusa da yayarsa Jumai, don ya samu wurin sayar da kayan lambu, 'yarmu Zulaiha kuma ta shiga makarantar kirki. Shekara uku yana jan ƙafa, amma da ranar ta zo sai ya fi kowa gaggawa.

"Ramlatu, mai mota fa ba kwana zai yi a nan ba!"

"To ya tafi mana, Malam, in ya so mu ɗauki gadon a ka."

Bazara ce, tun hantsi gumi yake bin bayana. Takalman suna jibge a lungun ɗakin ajiya, gefen randa, inda ƙasa take da sanyi. Na buɗe buhun taki da na wanke, na fara jerawa yadda na saba: silifas a haɗa su a ɗaure da tsumma, na sallah a leda, ƙanana a cusa su cikin manya don kada su ci wuri. Na ƙarshe su ne dogayen takalman roba da Malam yake shiga lambu da su lokacin ban ruwa, masu kaiwa gwiwa. Tun da aka cire albasa bai sake sa su ba. Na daman yana tsaye, na hagun ya faɗi, bakinsa yana kallon gindin randa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san ba a ɗaukar rufaffen takalmi sai an kife shi an bubbuga a ƙasa. Ni da kaina nake yi wa mutane tsawa a kan haka. Amma ranar direba yana ta danna hon, Malam yana ƙwala mini kira, ni kuwa hannu biyu Allah ya ba ni. Na tayar da na hagun, na jefa sababbin jajayen takalman Zulaiha a ciki, na toshe bakin da tsohon ɗankwali, na tura cikin buhu na ɗaure.

Zulaiha tana tsaye a kaina, shekararta bakwai, ta tura baki.

"Umma, ni da jajayen zan shiga sabon gida."

"A bayan a-kori-kura za ki sa su, su isa sun yi buɗu-buɗu? Suna cikin takalmin lambun Babanki na hagu. Kuna sauka ki kwance buhu, ki zare ɗankwalin, ki zura hannu ki ɗauko abinki. Me na ce?"

"Na hagu. In zare ɗankwali, in zura hannu."

"Yawwa 'yar albarka."

Motar ta tashi da su ita da Malam, suna zaune a kan katifa. Ni na tsaya, don ba a barin gida da datti, kuma akwai maƙwabtan da in ban yi musu sallama ba za su riƙe ni har lahira. Ƙanin Malam, Isiyaku, shi zai kai ni a babur bayan azahar.

Na share ɗakin kwana, na share tsakar gida, na shiga gida uku na sha kuka da addu'a. Sai da na dawo na shiga ɗakin ajiya da tsintsiya, sannan Inna Asibi, tsohuwar da katanga ta raba mu, ta shigo da ƙullin daddawa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ba ni labarin ƙafarta da ke ciwo, sai na ji ta yi shiru.

"Dakata, Ramlatu. Ɗaga tsintsiyar nan."

Ta sunkuya da ƙyar, ta nuna mini jikin bango. Daga wata 'yar kafa da ɓera ya haƙa, wani layi ya taho a cikin lallausar ƙasa, a karkace, ya bi bayan inda randa take. A bakin kafar akwai guntun saɓa, fara, busasshiya.

"Igiyar ƙasa ta shigo nan," in ji ta. Inna ba ta kiran maciji da sunansa ko da rana tsaka. "Kuma ba ta daɗe ba. Ga shigarta." Ta bi layin da yatsa har inda ya ƙare. "To ina fitarta? Me aka ajiye a nan?"

Na bi layin da ido. Layin ya ƙare daidai inda bakin takalmin hagu yake kwance da safe. A take na tuna abin da kunnena ya ji lokacin da na jefa jajayen takalman: wani ɗan sauti, kamar an yayyafa ruwa a mai mai zafi. Na ɗauka leda ce. Ba leda ba ce. Na sha jin wannan sautin a gona, haka kububuwa take yi in ta goga jikinta.

Na dafa bango. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, har ranar haihuwar Zulaiha.

"Innalillahi," in ji Inna da na gaya mata. "Kira shi! Me kike jira?"

Na lalubo wayata na kira Malam. Sai na ji ƙara a cikin jakata. Da safe ya ba ni wayarsa ajiya, wai kada ta faɗi wajen loda kaya. Na kira Yaya Jumai, ta yi ta ringin har ta gaji. Na san ta, in tana girki wayarta tana ƙarƙashin filo. Na sake kira, na sake, sau biyar.

Ban san lokacin da na fita titi ba. Isiyaku yana gindin darbejiya da abokansa, yana ganina ya washe baki.

"Matar Yaya, ɗokin birni ne ya sa aka fito ba mayafi? Ai Rano ba gudu za ta yi ba."

"Tashi mashin ɗin nan, Isiyaku."

Ya dubi fuskata sau ɗaya, dariyar ta ɗauke. Inna ta biyo ni da hijabi tana ɗingishi, ta zura mini a ka, muka tafi.

A kan hanya na gaya masa, ina ihu saboda iska. Sai na ji babur ɗin ya ƙara wuta. Ramukan burjin nan da kullum nake zaginsa a kansu, ranar ban ji ko ɗaya ba. Abu guda nake lissafawa: motar ta yi nauyi, tafiyar hawainiya za ta yi, wataƙila sun tsaya shan mai, wataƙila taya ta fashe. Ban taɓa roƙon Allah ya fasa tayar wani ba sai ranar.

Kafin Kibiya muka tarar da garken shanu suna tsallaka hanya, ba sa sauri, makiyayin ma ba ya sauri. Isiyaku ya taka birki. A nan ne hankalina ya dawo na tuna lambar direban tana cikin wayar Malam. Na nemo ta, na kira. Ya ɗauka a bugu na biyu.

"Don Allah kuna ina? Matar Munzali ce."

"A'a, Hajiya, ai na sauke su tun ɗazu. Ni har na kama hanyar Kano. Lafiya dai?"

Na kashe wayar. Na ji kamar in sauka in ture shanun da hannuna.

Da a ce Zulaiha mai kunnen ƙashi ce, da na samu abin riƙewa. Da irin yaran nan ce da za ka ce su yi gabas su yi yamma, da na ce ta manta, ta tafi wasa. Amma yarinyar nan duk abin da na ce shi take yi, ba ragi ba ƙari, kuma ni na sa ta maimaita. Ina jin muryarta a kunnena: in zare ɗankwali, in zura hannu. Na tuna wani manomi a unguwarmu da kububuwa ta sara shekarun baya, ƙato ne, ya fi Malam jiki, kwana uku jini yana fita ta dasashinsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Hannun Zulaiha kuwa bai fi muciya kauri ba.

"Yi addu'a, Yaya," in ji Isiyaku. Tun da aka kawo ni gidansu bai taɓa kirana haka ba sai da tsokana.

Mun shiga Rano ana kiran azahar. Tun daga nesa na hango kayanmu a ƙofar gida, gado a jingine, mata suna shige da fice da kwanuka. Ba kuka, ba taro. Na dire kafin babur ɗin ya tsaya.

Zulaiha ce ta fara ganina. Ta taho a guje ta tsakar gida, hannu a buɗe, jajayen takalman a ƙafarta.

Na durƙusa na cafke ta. Na juya hannun dama, na juya na hagu, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ɗaga rigarta har hammata. Tana ta dariya, ta ɗauka wasa ne. Babu komai, ko ƙwarzane. Na rungume ta har ta ce ina matse ta, hawaye suna zuba mini, matan suna tambaya lafiya.

"Ke kika ciro su?"

"A'a, Baba ne. Ya ce in je in nuna wa Gwaggo Jumai, kada in dawo sai ya kira ni."

"Yana ina?"

Ta nuna bayan ɗaki.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da sabon bangon da ya gina, buhun takalma a kwance gefensa. Takalmin hagu yana can nesa inda ya yi jifa da shi. Kusa da shi an ɗora bulo a kan wani abu, jelar kawai ta leƙo. Ya rufe hannunsa na dama da hularsa, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

"Kada ki yi ihu, Ramlatu," ya ce a hankali. "Gida cike yake da mata, yau ranar farin ciki ce. Na aika a kira wani mai magani, an ce yana bayan kasuwa."

Na ɗaga hular. Hannun ya kumbura har wuyan hannu, ya yi sheƙi. A gindin babban yatsa ƙananan huji biyu ne, jini yana tsattsafowa. Na goge da hijabina, ya sake fitowa. Na sake gogewa, ya sake fitowa.

"Mai magani? Farin ciki?" Na miƙe. Ihun da ya ce kada in yi, sai da aka ji shi a layi na uku. "Isiyaku! Kada ka kashe mashin ɗin nan! Asibiti!"

Muka ɗora shi a tsakiya, ni a baya, na rungume shi da hannu ɗaya, ɗayan na tallafe hannun da ya kumbura. Yaya Jumai ta fito da ludayi a hannu tana salati, ta janye Zulaiha ciki. Jikinsa ya yi zafi, ina jin bugun zuciyarsa ta bayansa. Muna hawa kwalta na kai bakina kunnensa, don in ban faɗa a lokacin ba, ban san ko zan sake samun dama ba.

"Malam, ni ce. Ban kakkaɓe takalmin ba. Ni na toshe shi, ni na ce mata ta zura hannu."

Na ɗauka bai ji ba. Sai ya ɗan juyo da kansa.

"Ta riga ta zare ɗankwalin," ya ce. "Yatsunta suna bakin takalmin na shigo. Ba wani abu na gani ba, wallahi. Na ga dai hannunta ba zai kai ƙasa ba, na ce kawo in ciro miki."

Kansa ya kwanto a kafaɗar Isiyaku. Na ƙara ƙanƙame shi, na ce wa Isiyaku ya ƙara wuta.